Jegon Kuyari

Kuyari masassaƙin jirgi ne, mutumin wani ƙauye a bakin rafi, can gabar yamma ta tsibirinmu Waitukubuli. Waɗanda suka san shi da ƙuruciya abu biyu suke tunawa da shi, hannu da ciki. Hannun kam ba a magana. In ya kayar da itace ya ƙwaƙule shi da garwashi da gatarin dutse, ya cika shi da ruwa da duwatsu ya bar shi a rana har ya buɗe, to jirgin nan zai ɗauki mutum arba'in ya haye teku bai sha ruwa ba. Cikin kuwa sai dai a ce masa sannu. Kuyari bai taɓa wuce tukunya a kan wuta bai leƙa ba, ko da ta gidan makoki ce.

Ya auri taubashiyarsa Nalibu, 'yar ƙanwar babansa, kamar yadda aka saba, ya koma da zama gefen gidansu. Daga ranar ya daina haɗa ido da gwaggonsa tunda ta zama suruka. In suka yi kiciɓis a hanyar gona, ɗayansu zai ratse. Nalibu ita ma ta daina kiran sunansa, amma tsokanar taubasantaka ba ta bari ba. Kowace safiya in tana shafa masa ruku a jiki, wato jan launin da muke samu daga 'ya'yan wani itace, yadda kowace mace ke yi wa mijinta, sai ta ɗaka masa duka a tumbi.

"Kai Acici, wannan gona taka kullum faɗi take ƙarawa. Ruku nawa za ta cinye mini bana?"

"Yo ba ke kike noma ta ba?" in ji shi. "Rage hannu a miya mana, ki ga ko ba za ta tsuke ba."

Ba a daɗe ba ta haifi ɗan fari, namiji. A wurinmu kuwa namiji ke jego. Mace in ta sauka sai ta gangara rafi ta yi wanka, ta wanke ɗanta, kwana kaɗan ta koma gurzar rogonta. Uban ne zai hau ragar kwanansa da ke rataye ya miƙe, domin jikinsa da na jaririn a ɗaure suke har sai an kwance su. Abin da uba ya ci ɗa ya ci, abin da uba ya sara ɗa ya ji a jikinsa. Ba zai taɓa gatari ba, ba zai ja baka ba, ba abin da zai sa a baki sai tsakiyar gurasar rogo da ruwa. In ya ci kififiya yaro ya kurmance, in ya ci ayu yaro ya tashi da mitsi-mitsin idanu. Haka zai zauna har dattawa su zo su tsaga masa fata da haƙorin ɓeran daji, su cuɗa barkono a ciki, su ce ya sauko.

To ka dubi Kuyari da wannan hukunci. Kwanakin farko ya daure, yana nishi sai ka ce shi ya yi naƙudar. Abokai suka riƙa leƙo shi da ƙashin kifi a baki don mugunta.

"Angon ƙarni, ina gajiya? Nonon ya kawo kuwa?"

"Ku bari in sauko," in ji shi, "sai na cinye ku har da iyayenku."

Wata rana da hantsi, mata sun tafi gona, ƙamshin ƙaguwa mai barkono ya bugo daga tukunyar maƙwabta. Ya juya ya ba ƙamshin baya, ƙamshin ya zagayo. Sai ya sauko. Ya ci, ya lashe hannu, kuma tunda ya riga ya taka ƙasa sai ya leƙa wani jirgi da ya bari rabi. Akwai wani ƙullutu a cikinsa da ya daɗe yana ci masa rai. Ya ɗauki gatari ya sare shi, ya koma ragarsa ya ci gaba da nishi. Ba a jima ba cibiyar yaron ta ruɓe, jikinsa ya sandare, ya mutu.

Ba wanda ya gan shi. Amma da boka ya zo ya busa hayaƙin taba a ɗakin ya tambaye shi, Kuyari bai iya ƙarya ba, ya faɗi har ƙaguwar. Nalibu ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ci gaba da shafa masa ruku kowace safiya bakinta a rufe. Shekaru suka shuɗe ba ko ɓatan wata, yana kallon 'ya'yan abokansa suna koyon iyo a bakin rafi, ransa na ɓaci. Ba abin da yake so a duniya irin ɗa guda da zai rayu.

A cikin shekarun nan ne Sifaniyawa, waɗanda muke kira masu gemu, suka kama babban tsibirin Boriken, suka sa mutanensa tonon zinariya har suka fara ƙarewa. Da hannun aiki ya yi musu ƙaranci sai suka juyo kanmu. Suka baza cewa mu Kalinago mutane muke ci, saboda haka ba laifi a kama mu a sayar. Ka ji fa, wanda ya zo satar mutane shi ke ba da shaida a kan halinsu. Mu ma ba mu naɗe hannu ba. In iska ta yi daidai samarinmu kan haye teku su ƙona musu gonaki, su kwance bayi, su dawo da gatura na ƙarfe. A jiragen Kuyari ake zuwa, shi kansa ya bi su ba sau ɗaya ba, aka kuma gane ashe hannun da ya iya sassaƙa ya iya baka.

Sai Nalibu ta sake samun ciki. Ranar da ta ji naƙuda ta kira shi bayan ɗaki, ta yi masa doguwar maganar da ta daɗe ba ta yi masa irinta ba.

"Ka ga, ɗan kawu, ni ba yarinya ba ce yanzu. Wannan mai yiwuwa shi ke nan. Ko gidan nan ke cin wuta, in ba dattawa ne suka ce ka sauko ba, kada ka sauko. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Kunnenka na san ya ji. Cikinka nake tambaya."

Ta haifi namiji. Kuyari ya hau raga, wannan karon ko tari bai yi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Gurasar da ake kawo masa ma rabi yake ci, har haƙarƙarinsa suka fito. Haihuwar ta zo daidai da shirin yaƙi, an riga an sha giyar rogo an sa rana, kuma yayan Nalibu, Abayaku, shi ne shugaban tafiyar. Ya leƙo ɗakin da kulkinsa a kafaɗa.

"Suruki, a ci gaba da shayarwa. Mu mun tafi aikin maza. Me za a sayo maka, zanen goyo?"

"Ku dai dawo mini da jirgina ba tsaga," in ji Kuyari.

Suka tafi da duk wani mai ƙarfi a ƙauyen. Aka bar tsofaffi da mata da yara, sai mai jego.

Cibiyar yaron ba ta gama warkewa ba masu gemu suka zo. Babban jirginsu ya laɓe a bayan tsaunin da ya shiga teku, ba wanda ya gan shi, suka turo ƙaramin kwale-kwale bakin rafi da safe, lokacin da mata ke ɗiban ruwa. Nalibu na cikinsu, ta bar jaririn wurin uwarta. Kuyari yana kwance ya ji haushin karnuka, irin wanda karnukanmu ba sa yi, sai ƙarar bindiga, sai kururuwar mata. Bakansa na rataye a saman kansa, kibiyoyin da dafinsu. Daga tudun bayan ɗakin ana hango bakin rafin tar, kuma kibiya na isa, ya sha harbo tsuntsu daga nan. Ya zuro ƙafa ɗaya ƙasa.

Sai ga Gwaggo a bakin ƙofa da jariri a hannu. Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa shiga inda yake kwance ba, ba ta taɓa yi masa magana fuska da fuska ba. Ranar ta shigo har gabansa.

"Mayar da ƙafar nan."

"Gwaggo, ba ki ji ba? Masu gemu ne a rafi!"

"Kurma ce ni? 'Yata ce a can, ni na haife ta, ba kai ba. Amma in ka ja bakan nan cibiyar wannan za ka ja. Ka kashe ɗaya, bai ishe ka ba?"

"In na harbi biyu sauran guduwa za su yi. Ba su da yawa, Gwaggo, ki ji muryoyinsu."

Ta kwantar masa da yaron a ƙirji, ta saki hannu, ta ja da baya. Hawaye na zuba a fuskarta ba ta share ba.

"Ga shi nan. In za ka tashi, kai za ka ajiye shi a ƙasa da hannunka."

A lokacin ne muryar Nalibu ta taso daga rafi, ta fi ta kowa. Sunansa take kira, sunan da ba ta furta ba tun ranar aurensu. Ta kira ta sake kira. Yaron yana kwance a ƙirjinsa, ɗumi gare shi, yana laluben nono a ƙashin ubansa. Gaba kura, baya siyaki. Kuyari ya ɗora tafin hannu a bayan yaron, ya janye ƙafarsa ya mayar cikin raga. Yana nan kwance idonsa a kan bakan, har muryar ta yi nisa ta koma cikin ƙarar teku. Mata da 'yan mata da dama aka tafi da su ranar, an kuma kashe wani tsoho da ya fito da sanda.

Da mayaƙa suka dawo suka tarar da abin da ya faru, sai da aka rirriƙe Abayaku, da ya fasa wa Kuyari kai a cikin ragar. Dattawa suka ce Kuyari ya yi abin da kakanni suka ce a yi, kuma ba kowane namiji zai iya ba. Da lokaci ya yi suka tsaga shi suka cuɗa barkono, ko motsi bai yi ba, har mai cuɗawar ya tsorata. Samari kuwa suka laƙaba masa Makwanci, sunan ya bi shi har tsufa. In ana rabon kifi sai wani ya ce, "A kai wa Makwanci nasa har gado, kada ya taka ƙasa." Ni dai masu wannan bakin ban ga wanda aka taɓa ɗora wa jariri a ƙirji a cikinsu ba. Jarumta daga zauren maza da ƙoƙon giya a hannu ba ta da wuya. Ko da ya sauko ɗin, ba wanda ya san ko zai ceci kowa, mutum ne da yunwa ta cinye, su kuma da bindiga da karnuka. Amma shi Kuyari bai taɓa fakewa da wannan ba.

Ƙanwar Nalibu ta haɗa yaron da nata ta shayar. Aka sa masa suna Ibani. Ya rayu, ya yi ƙiba, ya fara tafiya da wuri, kunnensa garau, idonsa garau. Kuyari kan zauna a bakin aikinsa yana kallonsa har garwashi ya ci inda bai kamata ba. Son yaron yake kamar ransa, kuma duk lokacin da ya dube shi sai ya ji muryar nan. Cin abinci ya fita daga ransa, tumbin bai sake dawowa ba. Bai ƙara aure ba, da kansa yake shafa rukunsa, bayansa kullum dabbare-dabbare inda hannu bai kai ba.

Daga nan ba a sake tafiya Boriken ba shi ba. Wasu ganima ke kai su, shi tambaya. Duk bawan da aka kwance sai ya tare shi, ko ya ga wata mace ta Waitukubuli, doguwa, mai gibi. Wani ya ce an kai irinsu wurin tonon zinariya, wani ya ce an sayar da su wani tsibirin. A haka gashinsa ya fara fari, Ibani ya isa riƙe matuƙi.

A wata tafiya suka faɗa wa wata gonar rogo a bakin wani kogi, gari na wayewa. Mai gonar ya tsere a kan doki, aka cinna wa gidansa wuta, bayi suka yi ta gudu zuwa jirage. Kuyari ya zagaya bayan rumfar da ake gasa gurasa, sai ga mace zaune a kan turmi, ita kaɗai ba ta gudu ba. Rigar masu gemu ce a jikinta, ga tabon ƙarfe mai zafi a kumatu, ga yaro ƙarami a cinya. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ɗan kawu. Ka tsufa."

Ita ta sake magana.

"Ya rayu?"

"Ya rayu. Ya kusa kamo ni tsawo."

"Yana ji? Yana gani? Ba inda ya tawaya?"

"Ko ɗaya. Har kifi yana harbi a cikin ruwa."

Ta sunkuyar da kai. Ya matso ya kama hannunta ya ce ta tashi, jirgi na bakin kogi, yayanta ma yana nan, ta ɗauko yaron su tafi. Ta zare hannun a hankali.

"Na kira ka ran nan."

"Na ji."

"Na san ka ji. Inna ce ta hana ka?"

"Ta ɗora mini shi a ƙirji. Amma ba ta ɗaure ni ba."

"Na daɗe ina zaginka," in ji ta. "A cikin jirginsu na zage ka, a bakin ramin zinariya na zage ka, har na rasa sabon zagi. Daga baya na haifi wata a nan. Yayar wannan ce. Tana can gari a gidan mai gonar, ita ke yi wa matarsa aiki. In aka wayi gari ba ni, a kanta za su huce, na ga yadda suke yi."

"Sai mu je mu ɗauko ta."

"Da wa? Garin da ke cike da dawaki da bindiga? Haba ɗan kawu, ka girma da wannan magana. Kai ka kwanta saboda naka. Bar ni in zauna saboda tawa."

Aka busa katantanwa daga bakin kogi, alamar a koma jirage.

"Kada ka gaya wa Yaya," ta ce. "Ka san halinsa, saɓa ni zai yi a kafaɗa ko ina kuka. Inna ma kada ta ji. Gara ta ɗauka na mutu. Je ka, suna jiranka."

Ya tsaya har aka sake busawa. Sannan ya juya ya gangara kogi, ya karɓi matuƙinsa. Abayaku ya tambaye shi me ya tsayar da shi, ya ce gatari yake nema.

Bai sake taka Boriken ba. Ya koma bakin sassaƙarsa, samari suka ce ai dama, Makwanci ya gaji da kwaikwayon maza. Gwaggo ta mutu tana zaton 'yarta ta riga ta, Abayaku kuma bindiga ta same shi a wata tafiyar. Sai bayan nan, da idonsa ya dushe har ya daina ganin zaren itace, ya zaunar da Ibani a gindin wani jirgi da suke ƙwaƙulewa ya gaya masa komai, tun daga ƙaguwa har rumfar gurasa. Daga bakin Ibani muka ji, domin tsohon bai yi wata damina ba bayan wannan.

Ibani a lokacin magidanci ne. Ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, yana jujjuya gatari a hannu. Can ya ce, "Baba, tsakaninka da ni. Da ka sauko ran nan, da gaske mutuwa zan yi?"

Tsohon ya lalubo hannun ɗan ya riƙe, ya matsa damtsen, ya daɗe bai saki ba.

"Ban sani ba," ya ce. "Kullum sai na tambayi kaina. Na dai san ban sauko ba, ga ka kuma."